Za ni karatu Mesolongi ta ƙasar Girka: me ake ci a garin, me zan kiyaye?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Yawuri. Na samu gurbin ƙaro karatu a fannin kiwon kifi a ƙasar Girka, kuma an ce mini sashenmu yana wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Mesolongi. A watan Satumba zan tafi in Allah ya yarda. Na ji an ce ka taɓa zama a can. Me mutanen garin suke ci? A matsayina na Musulmi, me zan iya ci, me zan kiyaye? Sannan wani ya ce mini suna tsoma ƙwan kifi cikin kakin zuma, su sayar da shi da tsadar da ta fi ta nama nesa ba kusa ba. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya alheri ƙanena, ya sa a je a sa'a a dawo a sa'a. Abu uku ka tambaya: cimar garin, iyakar halal a cikinta, da labarin ƙwan kifin nan. Na zauna a Mesolongi shekara biyu ina bincike a kan kifin tafkinsu. Na shiga kwalekwale da masuntansu da asuba, na auna kifi a bakin shingensu, na kuma ci abinci a gidajensu. Abin da zan faɗa maka na wannan gari ne da kewayensa. Girka ƙasa ce mai tsibirai da duwatsu, kuma tukunyar mutumin tsibirin Kirit daban take da ta makiyayin duwatsun arewa.

Ka kwantar da hankalinka tun yanzu, ba za ka kwana da yunwa ba. Wanda ya tashi a bakin kogin Kwara yana ganin Sarkawa suna fito da giwan ruwa da ragon ruwa ya riga ya yi rabin sabo da wannan gari. Abin da za ka koya sabo shi ne, a can ba a shiga kasuwa da sunan kifin da ake so a baki. Ana tambayar abin da tafki ya bayar a wannan wata, sai a ci shi.

Ruwan da garin yake zaune a bakinsa

Mesolongi tana yammacin Girka, a arewacin mashigin tekun Patra, kuma ita ce hedikwatar yankin Etoliya da Akarnaniya. Daga Atina tafiyar kimanin kilomita 250 ce, za ku haye doguwar gadar Riyo da aka buɗe a 2004. Garin shimfiɗe yake kamar faifai, shi ya sa yaro da tsoho kowa keke yake hawa. Ka tafi da shirin sauro, domin akwai shi sosai da bazara.

Ko da yake ana ce masa garin bakin teku, idan ka tsaya a bakin ruwa ba tekun kake kallo ba. Tafki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 150, mafi girman irinsa a Girka, wanda wasu siraran tsibiran yashi suka raba shi da teku. Koguna biyu ne suka haife shi, Akelowos daga yamma da Ebinos daga gabas. Shekaru aru-aru suna kwaso laka daga duwatsu suna jibgewa a bakin teku har suka killace wannan ruwa. In ka taɓa ganin tafkin Legas ka ga ɗan'uwansa. Mafi yawansa bai wuce mita ɗaya zurfi ba, akwai wuraren da ruwan iya gwiwa ne. Ruwan zartsi ne, gaurayen na kogi da na teku, rana tana ratsa shi har ƙasa, ciyawar ruwa da ƙananan halittu suna yaɗuwa a ciki. Ga kifi, wannan makiyaya ce mai dausayi. Tun 1975 aka sa tafkin cikin wuraren dausayi da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar take karewa, kuma za ka ga dalili ranar da ka fara ganin garken tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, jaja-jaja, tsaye a filayen gishiri.

Gishirin nan shi ne abu na biyu da garin yake taƙama da shi. Ana janyo ruwan teku cikin manyan fangaloli, rana da iska su ƙafar da shi tsawon bazara, a kwashe a ƙarshenta a tara shi tsibi-tsibi kamar dalar gyaɗa. Filin gishiri mafi girma a Girka a nan yake. Akwai kuma ƙarami a Turlida, inda wata hanya mai tsawon kusan kilomita 5 ta ratsa tsakiyar tafkin ta kai ka, kuma a nan suka buɗe gidan tarihin gishiri. Idan ka riƙe waɗannan biyu, kifi mai ƙiba da gishiri mai arha a wuri guda, ka gane asalin kusan duk abin da za a ajiye a gabanka.

Mutanen garin sun san darajar tafkin ta hanya mai ciwo. A yaƙin neman 'yancin Girka, dakarun Daular Usmaniyya sun yi wa garin ƙawanya daga Afrilun 1825, daga baya na Ibrahim Fasha na Masar suka zo suka haɗu da su. Muddin ƙananan jirage suna iya ratso tafkin da abinci, garin ya tsaya da ƙafarsa. Da aka ƙwace tsibiran da ke tsaron mashigin a farkon 1826, sai yunwa ta shiga, har aka ci karnuka da kyanwoyi da ciyawar bakin ruwa. A Afrilun 1826 mutanen suka yanke shawarar fasa ƙawanyar da dare, kuma mafi yawansu ba su tsira ba. Duk shekara suna tunawa da wannan dare a ƙarshen makon da ya zo kafin makon Ista. Za ka tarar da bikin, kuma shawarata ka tsaya ka kalla da natsuwa da girmamawa, domin makokin kakanninsu ne.

Shinge da kalandar kifi

Hanyar kamun kifi ta asali a tafkin ita ce shingen da suke kira ibari. In ka san dumba ta tafkin Chadi, ko yadda masuntanmu suke datse bakin fadama idan ruwa ya fara janyewa, ka san dabarar. Manyan kifayen da ake kamawa a tafkin ba a cikinsa suke hayayyafa ba, a teku suke yi. Daga ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara sai a buɗe ƙofofin shingen, 'ya'yan kifi su shigo kiwo. Da zafi ya kankama sai a rufe. Kifi ya yi ta ci yana ƙiba, ba mai ba shi ko ƙwayar abinci. Idan lokacin hayayyafarsa ya yi, ko sanyi ya fara dukan ruwan, sai ya nufi teku da kansa, ya bi bakin shinge mai siffar mazurari ya faɗa ɗakin da ba ya iya fita. Masunci zai zo da koma ya kwashe. Da can da kara da gora ake yin shingen, yanzu galibi roba ce da ƙarfe da siminti. Ƙungiyoyin masunta ne suke karɓar hayar kowane shinge daga hukuma, su yi aiki tare su raba riba.

A kusa da shingayen za ka ga bukkokin katako tsaye a kan turaku cikin ruwa, sunansu felada. A nan masunta suke kwana a lokacin kamu. Kwalekwalensu, gaita, shafaffen gindi gare shi saboda rashin zurfi, kuma a wurare da yawa da gora ake tura shi kamar yadda ake yi a wajenku.

Tunda kowane kifi da lokacin da yake neman fita, sai cimar garin ta bi wannan jeri. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba lokacin kefalos ne, wani kifi mai faffaɗan kai da ke kiwo a laka, kuma macensa mai ƙwai ita ake kira bafa. Daga Oktoba zuwa Disamba sai tsifura, mai faɗin jiki kamar karfasa, da zanen zinariya tsakanin idanunsa. Ga ɗalibin kifi irinka akwai abin lura a tsifura: yana fara rayuwa namiji, bayan shekara biyu ko uku ya rikiɗe mace. Cikin tsananin sanyi labraki yake fitowa, dogo mai farin nama. Shi kuwa heli, mai kama da maciji, a dararen hadari marasa farin wata na ƙarshen shekara yake tasowa. Girkawa suna da karin magana cewa kowane abu da lokacinsa, kifin koliyos kuwa sai Agusta, kuma za ka ji ta a bakin mai sayar da kifi duk ranar da ka nemi abin da ba lokacinsa ba.

Ƙwan kifi a cikin kaki

Wanda ya ba ka labarin nan gaskiya ya faɗa maka, kuma ka yi sa'a, domin a tsakiyar lokacinsa za ka sauka. Sunansa abgotaraho, daga kalmomi biyu, ɗaya ƙwai, ɗaya kifin da aka adana da gishiri.

Na tsaya a kan masu yinsa sau da yawa, kuma ban taɓa gajiya da kallo ba. Idan aka kwaso bafa daga shinge, tun tana da ɗanyen jini ake tsaga cikinta. Ƙwan yana cikin jaka biyu dogaye, manne da juna, kowace lulluɓe da wata fata siririya kamar ta albasa. Duk gwanintar tana wajen fito da jakar ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba, domin in ta huje ta tashi daga kayan tsada. Sai a wanke, a matse jinin da ke jijiyoyinta a hankali, a binne ta cikin gishirin garin na wasu sa'o'i gwargwadon girmanta. A sake wankewa, a danne ta da katako ta baje, a jera a inuwa inda iska take kaɗawa, cikin akwatin raga saboda ƙuda. Ana juya ta kullum har kwanaki, har launinta ya koma na zuma mai duhu, ta yi ƙarfi amma in ka danna ta ɗan lotsa. Daga nan sai a narka kakin zuma a tsoma ta, a ɗaga ya daskare, a sake tsomawa, sau da dama, har kakin ya yi mata riga mai kauri.

Hikimar kakin ita ce abin da ya fi burge ni a matsayina na mai nazarin adana kifi. Ƙwan kifi cike yake da mai, kuma mai idan iska ta daɗe tana taɓa shi sai ya yi ɗaci da wari. Gishiri yana hana ruɓa amma ba ya hana wannan. Kakin yana toshe iska, yana kuma tsayar da bushewa a daidai inda ake so, don haka ba sai an cika gishiri ba, cikin kuma ya zauna da laushi wata da watanni. Mutanen da ba su da firji suka gano wannan tun ƙarnoni da suka wuce.

Tsadarsa kuwa, kilo ɗaya ya haura Yuro 100 sosai. Dalilan a fili suke. Mace kaɗai ke da shi, kuma mai cikakken ƙwai. Makonni kaɗan ne a shekara. Nauyinsa yana raguwa wajen bushewa. Komai da hannu ake yi. Sannan tun 1996 Tarayyar Turai ta yi wa sunan "abgotarahon Mesolongi" rajista, ba mai ikon sa wannan suna sai wanda kifinsa daga wannan tafki ya fito kuma a nan aka sarrafa shi. Saboda haka da yawan wanda za ka gani a shagunan Atina da filin jirgi daga wani ruwa ƙwansa ya zo, har da na ƙasashen waje. Yana iya yin daɗi, amma ba shi ne na garin ba.

Ba a cinsa don ƙoshi. Ana yanka shi siriri kamar ɓawon takarda, a ɓare kakin, a ɗora a kan burodi, wasu su ɗiga lemon tsami. Da farko gishiri za ka ji, sai wani maiƙo mai danƙo ya biyo baya, sai ɗan ɗaci a ƙarshe da ke daɗewa a harshe. Ban so shi a ranar farko ba, sai a karo na uku na gane abin da suke yabo. Kuma ba Girkawa kaɗai ke yinsa ba. Misirawa suna da shi da sunan batarik, Italiyawa suna ce masa botarga, Japanawa karasumi, kuma a nan Afirka ta Yamma masuntan Imragen na gaɓar Muritaniya sun daɗe suna yinsa daga irin wannan kifi. Kada ka haɗa shi da taramas. Wannan ƙwan wasu kifaye ne daban, mai arha, da ake kirɓawa da burodi da man zaitun da lemon tsami ya zama abin dangwale. In za ka saya, farin ya fi mai ruwan hoda, domin na biyun rina shi aka yi.

Abin da za ka tarar a faranti

Babban abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙarancin kayan haɗi. Mu mun saba kifi ya nutse cikin attaruhu da albasa da daddawa da kayan ƙamshi. Su kuwa a ganinsu kifin da aka lulluɓe da yaji akwai abin da ake ɓoyewa a jikinsa. Tsifurar da aka kama da safe, a kankare ta, a barbaɗa gishiri, a ɗora a garwashi, a sauke a zuba mata man zaitun da aka kaɗa da lemon tsami da ɗan busasshen ganyen rigani mai ƙamshi. Shi ke nan. Makonnin farko za ka ji kamar an manta da wani abu. Ka daure, domin bayan wata guda harshenka zai fara rarrabe kifin tafki da na keji, da wanda ya kwana da wanda bai kwana ba, kuma wannan ilimi ne da aikinka yake buƙata. Duk da haka ka tafi da yajinka na gida mai yawa, don barkonon da ake samu a can ba ya kai namu zafi.

Girkin da na fi so a garin shi ne fetali. Ana tsaga kefalos ko tsifura ta baya a buɗe shi kamar littafi, a cire kayan ciki, a sa gishiri, a shanya na ɗan lokaci har fatar naman ta ɗaure, sannan a gasa. Tsakanin ɗanyen kifi ne da busasshe, kuma duk Bahaushen da ya ci sai ya tuna gida. Akwai kuma ƙananan tsifura da ake jerawa cikin gishiri a ci ba tare da an ɗora a wuta ba, a wanke a zuba mai. Akwai saboro, soyayyen kifi da ake jiƙawa cikin ruwan khal da tafarnuwa da ganye mai ƙamshi don ya kwana biyu bai lalace ba, girkin yammacin Girka ne da tsibiran da ke kusa. Akwai kakabiya, romon masunta, wanda ake yi da tarkacen kifin da ba zai sayu ba, da dankali da albasa da mai da yawa.

Heli sai na ɗan tsaya a kansa. Namansa mai ne zalla, ana gasa shi gunduwa-gunduwa a tsinke ko a yi bandarsa, kuma mutanen garin suna ji da shi. Kada a ci shi ɗanye, jininsa yana da dafin da wuta ce take kashe shi. Rayuwarsa abin al'ajabi ce: a tekun Sargaso ake haifarsa, can kusa da Amurka, ya ratso tekun Atilantika yana ɗan mitsitsi, ya shekara da shekaru a tafki irin wannan, sannan ya kama hanyar komawa inda aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu. Yawansa ya faɗi ƙwarai a duk Turai, har an sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma tun 2007 Tarayyar Turai ta kafa dokar farfaɗo da shi. Ra'ayina shi ne ka ɗanɗana sau ɗaya idan an ba ka a gidan mutane, amma kada ka mayar da shi cimarka. Wata damuwar masuntan ita ce shuɗiyar ƙaguwa da ta zo daga gaɓar Amurka ta yaɗu a tafkunan Girka, tana yayyaga taru tana cinye ƙananan kifi. Ita wannan ci da yawa ma taimako ne.

Gefen kifin za ka sha mamakin abubuwan da ka sani. Blita da suke dafawa da bazara su zuba mai da lemon tsami, alayyafo ne. Bamiyes kuɓewa ce, sai dai su ba sa son yauƙi, guda-guda suke dafa ta da tumatir. Suna da farin wake mai baƙin ido irin namu, suna kwaɗa shi da albasa. Suna da halawar riɗi. Burodi kuwa shi ne tuwonsu, ba a ajiye abinci babu shi. Lokacin cin ne zai ɗan wahalar da kai: na rana sai wajen ƙarfe biyu ko uku, na dare daga tara zuwa sama.

Idan ka shiga gidan cin kifi, manyan kifaye da kilo ake sayarwa. Al'ada ce ka bi mai gidan zuwa inda kifin yake, ka zaɓa, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin kafin a gasa. Ba rashin kunya ba ne, hasali ma sun fi girmama mai yin haka. Doka ta wajabta a sa alama a takardar abinci a gaban duk abin da aka daskarar, galibi ɗan tauraro. Ka kuma sani Girka tana cikin manyan masu kiwon tsifura da labraki a keji a duniya, don haka mai arha da ka gani duk girmansu ɗaya na keji ne. Ba shi da laifi, shi ne ma abin da za ka karanta, amma ka tambaya don ka san abin da ka biya. Aljihun ɗalibi kuwa, sardela da gabros, ƙananan kifayen teku, su ne rufin asirinsa, musamman da bazara.

Maganar halal

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, don haka kafin ka tafi ka zauna da malaminku. Abin da muka karanta tun muna yara shi ne Allah ya halatta farautar teku da abincinsa a cikin Suratul Ma'ida, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wannan ya haɗa dabbobin ruwa gaba ɗaya: jatan lande, ƙaguwa, masu ɓawo irin ƙumba, kalamari mai laushin jiki da hannuwa goma, da oktafodi mai hannuwa takwas da za ka gani an shanya a igiya. Hanafawa kifi kaɗai suka halatta, saboda haka in ka ga abokin karatunka ɗan Turkiyya ko Pakistan ya janye hannu daga wasu abubuwa, mazhabarsa yake bi.

Inda matsalar take shi ne abin da ake zubawa a tukunya. Giya ta shiga girkinsu sosai. Akwai oktafodin da ake dafawa da jar giyar inabi, ana turara ƙumba da fara, ana yayyafa wa jatan lande wata giya mai suna uzo. Ya taɓa faruwa da ni a wani gidan abinci: na tambaya ko akwai naman alade aka ce babu, sai da na kai loma biyu na ji ƙamshin da ban yarda da shi ba, ashe da giya aka dafa. Matar ba ta yi nufin cuta ba, ita a wajenta giyar girki kamar gishiri ce, kuma ni ban tambaye ta wannan ba. Tun ranar na riƙe kalmomi uku: krasi giyar inabi, hirino naman alade, horis kuma "ban da". In ka ce "horis krasi" kowa zai gane. Gasasshen kifi da soyayye sun fi kwanciyar hankali a kan duk abin da ya zo da romo. Ruwan khal ɗinsu daga inabi ake yinsa, ka sa wannan cikin abin da za ka tambayi malam. Tsiren da ake sayarwa a titi, sublaki da giros, in ba a ce na kaza ba ne to na alade ne, kuma sau da yawa wuta ɗaya ake gasa su. Naman yankan Musulmi a Atina ake samunsa cikin sauƙi, a shagunan baƙi. Ni dai kifi da wake da ƙwai suka riƙe ni, nama sai in na je birni.

Akwai wata kalma da za ta yi maka amfani fiye da duk waɗannan: nistisimo, wato abincin azumi. Kiristocin Otodoks suna da azumi mai yawa, mafi girma shi ne na makonni bakwai kafin Ista, ga kuma Laraba da Juma'a ga masu riƙo. Azuminsu ba kame baki ba ne, ƙaurace wa nama ne da madara da ƙwai da kifi mai ƙaya. Don haka duk abin da aka rubuta wa nistisimo, a gidan burodi ko a kanti, babu nama babu kitsen dabba a cikinsa, sai dai ka tambayi giya kawai. Wannan azumi ne ya sa suka ƙware a girkin kalamari da oktafodi da jatan lande, tunda su an yarda a ci. Ranar Litinin da ake fara shi, iyalai suna fita fili da wani shimfiɗaɗɗen burodi mai riɗi da taramas da zaitun da halawa, yara suna sakin filfilon takarda a sama. Cikin azumin kwana biyu ne aka yarda da kifi: 25 ga Maris, ranar da ƙasar duka take cin soyayyen busasshen kifin bakaliyaros da kirɓaɓɓen dankali mai tafarnuwa, da kuma Lahadin ƙarshe kafin ranar Ista, wadda a Mesolongi ta zo daidai da ranar tunawa da mutanen 1826.

Idan aka gayyace ka gida, za a miƙo maka ƙaramin kofin uzo ko wata giyar mai suna tsifuro tare da 'yan ƙananan faranti da suke kira meze. Ka ce ba ka sha saboda addini, sau ɗaya, da fara'a. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Abin da yake ɓata musu rai shi ne baƙo ya ƙi cin abinci, kamar dai a wajenmu.

Abu biyu na lafiya, ko da yake wannan fagen likita ne. Kayan gishirin nan gishirinsu da yawa, mai hawan jini ya yi hattara. Sannan wanda bai taɓa cin jatan landen teku ko ƙumba ba ya fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓarsu, kuma in ka ji ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko numfashi yana sarƙewa, asibiti za ka nufa nan take.

Da na dawo gida na gwada fetali da karfasa. A hunturu ya yi kyau ƙwarai, iskarmu ta ma fi tasu bushewa, kuma ragar sauro da aka kewaye akwatin katako da ita ta isa ta tsare ƙuda. Da damina kuwa bai yiwu ba, laima ta lalata shi kafin ya ɗaure. Na kawo wannan ne saboda abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a kasuwannin kifinmu, inda wasu suke fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, alhali gishiri da raga da tsabtar wurin shanya za su rage asarar ba tare da an sa wa mutane guba ba. In ka je, ka sa ido a kan wannan ɓangare kamar yadda za ka sa a kan kejin zamani.

Makonka na farko, kafin karatu ya yi nauyi, ka nemi wani a sashenku ya haɗa ka da ɗaya daga ƙungiyoyin masunta, ka roƙi a tafi da kai shinge da asuba. Bafa ba ta jira, in Oktoba ta yi nisa sai wata shekara. In kuma za ka kawo wa su Baba tsarabar abgotaraho, ka sayi wanda kakinsa bai tsage ba, ka sa shi a firji da zarar ka iso, domin zafin Yawuri zai tausasa kakin. Wanda aka riga aka yanka, a rufe bakin da leda a cinye shi cikin 'yan makonni.